Yalwa, Wadda Ta Yi wa Ruwa Kitso

Can kudu, inda duwatsu suka jeru kurmi ya rufe su ruf, akwai wani ruwa da ake kira Hawa Biyar. Daga ƙwanƙolin dutse yake faɗowa cikin wani kwazazzabo mai zurfi, ya sauka kan falalen dutse ya huta, ya sake faɗowa kan na ƙasa da shi, haka har sau biyar, sannan ya miƙe ya zama ƙorama. Ba wanda ya taɓa ganinsa da ido, domin hanyar ba ta biyuwa. Ruguginsa kawai ake ji in iska ta kaɗo daga kudu. Ƙoramar nan ita ke ratsa ƙauyen Gangaren Marke. Ita ce shansu, ita ce wankansu, ita ce rakensu da albasarsu, kuma tun kaka da kakanni ba ta taɓa ƙafewa ba.

Rannan aka wayi gari ƙorama ta ɗauke ɗif, kamar an toshe bakin tulu. Aka haƙa rijiya gaba goma sha biyu, aka tarar da dutse. Aka yi roƙon ruwa, aka yi sadaka, shiru. Da aka yi wata biyu ana tonon yashi ana tsiyayo ɗan abin jiƙa maƙoshi, Maigari Tunau ya tara jama'a a gindin marken ƙofar gidansa, ya ce nan da kwana bakwai kowa ya ɗaure kayansa, za a tashi a koma arewa bakin gulbi.

Kowa ya ce to, ban da tsohuwa ɗaya, Inna Gwamma. Ta haura tamanin, idonta ya daɗe da tafiya, amma taurin kanta yana nan daram. 'Yarta Yalwa ta durƙusa a gabanta ta ce, “Inna, in kowa ya tafi, wa zai ba ki ruwa?”

“Wanda ya ba ni shekara tamanin,” in ji tsohuwar. “Nan aka binne cibiyata, nan aka binne ubanki da 'yan'uwanki huɗu. Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya. Ni da marken nan rana ɗaya za mu tashi.”

Yalwa ta san uwarta. In ta ce ba ta zuwa, ko a kan jaki aka ɗaure ta sai ta sauko. Ga ta nan, ko ta bar uwarta ƙishirwa ta kashe ta, ko ta zauna su mutu tare, kuma ba wanda ya kwanta mata a rai. Ta yi kuka mai isarta a bayan rumbu, ta share fuska, ta ce, “Ruwa ba ya tsami banza, balle ya ɗauke. Bari in je in ji dalili.”

Ita Yalwa mai kitso ce, a hannun uwarta ta koya. Gajeriya ce ƙaƙƙarfa, ta ba arba'in baya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun yi aure. Abu biyu aka san ta da su. Na farko, hannunta akwai tsauri: in ta kama kan mace, sai ta kwana biyu ba ta iya dariya ba. Na biyu, bakinta ba ya hutu, har ana cewa in ta yi shiru to ruwa take sha. Da safe ta damƙa uwarta ga maƙwabciya, ta ɗauki 'yar ƙwaryarta mai ɗauke da kibiyar tsaga da mataji da kwalbar man shanu. Wani da zai shiga kurmi kwari da baka zai ɗauka, amma Yalwa ko gidan gaisuwa za ta, da kayan kitsonta take zuwa, wai ba a san inda kai zai tsefe ba.

Ta bi busasshiyar ƙorama tana hawa. Rana ta take, ta karkata, bishiyoyi suka fara haɗa kai a sama har hasken ya koma kore. Ta isa inda duwatsu biyu suka matse hanya, a tsakaninsu ga wani gwaggon biri zaune a kan buzu, girmansa ya kai na bajimi, gemunsa har ƙasa, cike da ƙarangiya.

Yalwa ta ajiye ƙwarya ta rusuna. “Salamu alaikum, baba. An wuni lafiya? Yaya iyali, yaya zaman ƙofa?”

Birin ya dube ta ya ce, “Ya ke 'yar Adam, shekara ɗari uku ina gadin wannan ƙofa. Masu kibiya sun zo, masu layu sun zo, ba wanda ya tambaye ni iyali. Iyali lafiya. Amma ki sani ba a wucewa sai an bar mini wani abu.”

Yalwa ba ta ma ji ƙarshen maganar ba, idonta na kan gemun. “Haba baba, wa ya bar ka haka? Matso nan.” Kafin ya ce wani abu ta kama gemun, ta shafa mai, ta taje ƙarangiyar tas, ta raba shi uku ta kitse. Birin yana matse ido don zafi, amma da ya shafa ya ji abin sumul sai ya washe baki.

“Kin biya,” in ji shi. “Ga tukuicinki. Kwazazzabon da ke gabanki ba ya son magana, kowace kalma dutse yake jefowa. In kin fita, kika isa wurin Magajiya Raɓa mai ruwan, abin da idonki ya gani kada bakinki ya sani.”

Kashegari ta shiga kwazazzabon. Bango dama, bango hagu, tsayinsu har ba a ganin ƙarshe, saiwoyi sun saƙale su, tsuntsaye masu kai biyu suna ta shawagi ba ko ƙara. Wallahi duk wahalar tafiyar nan ba abin da ya ci wa Yalwa rai kamar wannan shirun. Ta cusa bakin gyalenta a baki ta cije. Ta ga ƙaguwa tana saƙa tabarma, ta haɗiye magana. Ta ga itacen ɓaure yana tafiya da ƙafafunsa yana neman inuwa, ta haɗiye. Sai da ta ga wata hawainiya ta ɗaura ɗankwali a karkace, haƙuri ya ƙare, ta zare gyale ta ce, “Kai!” Wani dutse kamar rumbu ya rikito ya dira a bayanta, har iskarsa ta ture ta. Ta mayar da gyale baki, ba ta sake tofawa ba sai da ta ga sarari.

Sararin kuwa bakin wani rami ne da ya raba dutsen biyu. Ta jefa tsakuwa, ba ta ji saukarta ba. Wani aljani mai ƙafa ɗaya ya ɓullo daga cikin hazo, yana tsalle a kan iska kamar a kan daɓe.

“Ya ke baƙuwa, ni ne mai fiton wannan rami. Ba ni kibiyar tsagarki, in ɗauke ki in tsallakar da ke kafin ki ƙifta ido.”

“Allah ya ba ka haƙuri, mai fito,” in ji Yalwa. “Manomi ba ya ba da fartanyarsa don a kai shi gona.”

Ta duba ta ga igiyoyin kurmi suna reto daga bishiyoyin tsallake, iska na kaɗo su. Ta sami wani dogon reshe mai ƙugiya ta jawo uku, ta kitse su, ta ƙara uku, ta kitse, ta haɗa kitso da kitso har ya yi kaurin cinya. Ta ɗaure ƙwarya a baya da gyale, ta yi bisimilla, ta rufe ido ta lilo. Ta dira a tsallake da gwiwa, fatar ta ɗan saɓule. Aljanin ya bi igiyar da kallo ya ce shi ma zai riƙa amfani da ita, don ƙafar tasa ta fara gajiya.

Nan ta ga Hawa Biyar. Falalen duwatsu ne biyar, wani bisa wani, kowanne ya kai faɗin kasuwa, ruwa ya goge su sun yi santsi, amma duk a bushe ƙayau. 'Yan kifaye sun taru a sauran kududdufai, suna ɗaga kai suna cewa, “Sannu da zuwa, Allah ya sa ke ce.” Ta kama saiwa tana hawa. A hawa na farko ta ga dutse mai siffar mace, ta dafe baki da hannu, ga mataji a ɗaya hannun. A na biyu ma haka, da na uku, da na huɗu. Yalwa ta ƙirga su, ta gane abokan sana'a ne.

A can ƙoli ta tarar da Magajiya Raɓa zaune, ta juya wa kwazazzabo baya. Tsawonta ya kai rimi uku, fatarta na sheƙi kamar jiƙaƙƙen dutse, ta naɗe kanta da wani ƙaton ɗankwali na baƙin girgije. Daga cikin ɗankwalin ana jin ruwa na gurnani.

Yalwa ta faɗi ta yi gaisuwa. “Ranki ya daɗe, uwar ƙoramu, mai shayar da na kusa da na nesa. Yalwa ce daga Gangaren Marke. Ruwanmu ya ɗauke, garinmu zai tashi nan da kwana biyar, uwata kuma ta ce ba ta tashi. Na zo in ji laifin da muka yi.”

Magajiya ta sunkuyo, muryarta kamar tsawa daga nesa. “Ya ke 'yar Adam, ba ku yi laifi ba. Ruwan da kuke sha gashin kaina ne. Ya cukurkuɗe, na ɗaure shi, ba kuma zan sake shi a haka duwatsu su yi mini dariya ba. Masu kitso huɗu na kira daga cikin aljanu, kin gan su a hanya.”

“Na gan su, ranki ya daɗe. Ni ma sana'ar ke nan.”

“To ki ji sharaɗi. In kika gyara, ruwa ya sauka. In kika faɗi abin da suka faɗa, akwai hawa na biyar, babu kowa a kansa.”

Magajiya ta girgiza, ta ƙanƙance ta koma kamar doguwar mace, ta ce duk abin da aka yi wa ƙaramin kan shi zai bayyana a babban. Yalwa ta sami dutse ta zauna ta miƙe ƙafa, Magajiya ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta kamar kowace mace. Aka kwance ɗankwali.

Ina ka fito, in ji gashi! Sanyi ƙarara, baƙi wuluk, yana motsi a hannu, cike da rassan itace da gansakuka da 'yan kadoji suna yawo a ciki. Yalwa ta shafa mai ta soma tsifa. Tana sa mataji Magajiya ta yi ƙara, duwatsu suka amsa. Ashe uwar ruwa raki gare ta kamar 'yar yaye. Yalwa dai ta san maganin mai raki, sai ta buɗe baki. Ta ba ta labarin ranar da jakin Maigari Tunau ya cinye masa rawani ana tsakiyar shari'a. Ta ba ta na mai koko da ta yi shekara tana gaba da maƙwabciyarta a kan ludayi, ashe ludayin na cikin randarta. Magajiya ta yi ta dariya tana cewa, “Sai aka yi yaya?” Ba ta san an tsefe rabin kai ba.

A tsakiyar kai, da Yalwa ta buɗa da kibiya, sai ga shi: furfura, fara fat, damƙi guda. Nan ta gane abin da ya mayar da matan nan huɗu duwatsu. Hannunta bai tsaya ba, labarin ludayi ma bai tsaya ba.

Can Magajiya ta ce, “Me kika gani a nan?”

“Kai na gani, ranki ya daɗe, mai son mai.”

Mutane suna ganin Yalwa ba ta iya riƙe magana, kuma gaskiyarsu. Amma shekara talatin tana kitso, ta ga sanƙo, ta ga ƙwarƙwata a kan matan manya, ta ga tabon duka, ba wanda ya taɓa jin ko ɗaya a bakinta. Asirin gari na kowa ne, asirin kai na mai kai ne. Magajiya ta saki ajiyar zuciya ta gyara kwanciya.

Da aka gama tsifa aka taje, gashi ya kwanta luf, Magajiya ta ce, “Wane kitso matanku ke yayi yanzu?”

Nan fa Yalwa ta yi kuskuren da mai kitso kaɗai ke iya yi. Tunda take ba ta taɓa riƙe gashi irin wannan ba, tsawo da cika da laushi. Hannunta ya soma ƙaiƙayi. Ta manta da ƙorama, ta manta da rake da albasa, ta ce, “Shuku, ranki ya daɗe. A ɗebo shi daga goshi da ƙeya da gefe, a tattara shi a tsakiyar kai. Zan yi miki wanda ba a taɓa yi ba.”

Kwana uku tana yi. Tsaga siririya kamar zare, layi ɗari da ashirin, ko ɗaya bai karkace ba, ta tura furfurar can ciki ta rufe. Da ta ɗaure ƙarshe, Magajiya ta miƙe ta koma girmanta, ta leƙa fuskarta a wani tafki, ta yi juyi, ta yi guɗa. Yalwa ta tsaya tana riƙe da ƙugu, kanta ya kumbura. Sai ta juya don ta ga ruwa na sauka.

Ko ɗigo. Duk ruwan ya hau sama ya tattaru a tsakiyar kan Magajiya, ya yi tsiri har cikin gajimare. Hawa biyar suna nan a bushe yadda ta same su, kifaye sun ɗaga kai suna kallonta.

Yalwa ta zauna daɓas. Garin gyaran gira ta rasa ido, saura kwana biyu gari ya tashi. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, da haushin kanta. Ta rarrafa gaban Magajiya ta ce, “Ranki ya daɗe, na yi wauta. Na yi kitso don sunana, na manta da abin da ya kawo ni. Ki yarda in tsefe in yi wanda zai sauka.”

“A tsefe?” in ji Magajiya tana shafa kai. “Ya ke 'yar Adam, a garinku akwai macen da ke tsefe sabon kitso ran da aka gama shi? Na ce in kin gyara ruwa ya sauka, ban hana shi ba. Ke kika nuna masa sama.”

Amma da gari ya waye, tsaurin hannun Yalwa ya yi abin da ya saba. Magajiya ta tashi girarta a ɗage, idonta ya ja baya, ba ta iya juya wuya, ba ta iya hamma. Ta dafe kai tana nishi, duwatsu na rawa. “Wayyo kaina! Ke Yalwa, da hannu kika yi kitson nan ko da awartaki? Zo ki sassauta shi. Ki sake shukun, amma sako-sako.”

Ta ƙanƙance ta kwanta. Yalwa ta tsefe da sauri, gashi ya zubo a cinyarta. Ta riƙe kibiya ta tsaya. In ta sake shuku, ta tsira da ranta, uwarta ta mutu da ƙishirwa. In ta yi wanda zai sauka, furfura za ta fito fili kowa ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Ranki ya daɗe, ba shuku zan yi ba. Zane zan yi miki manya, daga goshi su gangara ƙeya, jelar ta sauka baya. Sai dai abin da ke tsakiyar kai zai fito.”

Iska ta tsaya cak. “Mene ne a tsakiyar kai?” in ji Magajiya a hankali.

Yalwa ta ji tafin ƙafarta ya yi sanyi ya yi nauyi. Ta duba, yatsunta sun soma zama dutse tun ba ta faɗa ba. Ta ce a ranta, in dai za a zama dutse, gara a zama da baki buɗe. Ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa ta ce, “Albishirinki, ranki ya daɗe!”

Ko a cikin aljanu ba a barin albishir a ƙasa. Kafin Magajiya ta yi tunani bakinta ya riga ya ce, “Goro.”

“Kin yi furfura!”

Dutse ya hau har gwiwa. Yalwa ba ta tsaya ba, da ma tsayawa ba halinta ba ne. “Waɗancan huɗun da suka dafe baki kamar sun ga maciji, yarinta ce ta ɗebe su. A garinmu ba kowa ke samun wannan ba, ranki ya daɗe. Da yawa sun roƙa ba su kai ba. Uwata kanta fari fat kamar auduga. In ta shigo taro, Maigari da kansa ke tashi ya ba ta tabarma. Ba a sa hannu a akushi sai ta sa. Ga shi duk gari sun ce a tashi, ita kaɗai ta ce a'a, kuma ba mai iya ɗaga mata murya. Me ya ba ta wannan? Abin nan da kike ɓoyewa a cikin girgije.”

Dutse ya kai ƙugu, ya tsaya.

“Shekarar uwarki nawa?” in ji Magajiya.

“Tamanin da 'yan kai.”

“Tamanin! Ni shekarata dubu huɗu. In sarakunan duwatsu suka taru, a bakin ƙofa ake ajiye ni, ana ce mini yarinyar nan mai ruwa. Ni ake aika in kawo abin sha.” Ta juya maganar a ranta. “Kina nufin da wannan sai a tashi a ba ni buzu?”

“In ba su tashi ba, ba su da tarbiyya, ranki ya daɗe.”

Magajiya ta tuntsire da dariya har tsuntsaye suka watse daga kurmi. Dutsen da ya riƙe Yalwa ya farfashe ya zube kamar ɓawon gyaɗa. “Kitsa, 'yar Adam! Ki fito da ita sarai, kada ki ɓoye ko sili ɗaya. Amma don girman Allah ki sassauta hannu.”

Yalwa ta ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya in ana son gamawa kafin gari ya tashi, ga kuwa ma'aikata huɗu a ƙasa suna zaman banza. Magajiya ta kaɗa yatsa, duwatsun nan huɗu suka yi atishawa suka miƙe, suka hawo suna sunkuyar da kai. Yalwa ta raba musu aiki, wannan ta riƙe, wannan ta taje, wannan ta miƙo mai, ta kuma gargaɗe su cewa mai kitso da ido take gani, ba da baki ba. Ta tsaga manyan layuka tara, ta bi kowanne da furfura a sama, ta kitsa sako-sako yadda ko jariri ba zai yi kuka ba. Wannan karon ba ta ba da labarin kowa ba, hankalinta na gida.

Hantsin rana ta bakwai ta saki jelar ƙarshe. Magajiya ta miƙe ta koma girmanta, ta zauna a bakin dutse, ta watsa gashin baya.

Ruwa ya sauka. Ya daki hawa na farko da ƙara, ya taru, ya zuba na biyu, na uku, na huɗu, na biyar, layi tara a jere, kowanne da farin zare a kansa yana walƙiya. Feshi ya tashi, bakan gizo ya tsaya a tsakiyar kwazazzabo, kifaye suna tsalle suna sa albarka. Da can, in ji aljanun, ruwan baƙi ne tun daga sama har ƙasa. Daga ranar ne ya koma fari.

“Ga goron albishirinki,” in ji Magajiya. “Muddin akwai mai zuwa ta gyara mini kai duk shekara, ƙoramarku ba za ta ƙafe ba. Yanzu shiga ƙwaryarki, ƙafa ba za ta kai ki a kan lokaci ba.”

Ta hura wa 'yar ƙwaryar iska, ta zama kamar kwalekwale. Yalwa ta shiga ta riƙe baki da hannu biyu. Ruwa ya ɗauke ta, hawa biyar tana salati biyar, ya bi da ita ta ƙarƙashin igiyar mai fito, ya ratsa kwazazzabon da ba ya son magana, inda ta yi ta ihu son ranta duwatsu na faɗawa ruwa a bayanta. Ta wuce gwaggon biri yana ɗaga mata gemu.

A Gangaren Marke kuwa an gama ɗaure kaya. Jakuna sun yi layi, an ɗora tukwane da tabarmi, an kama kaji. Inna Gwamma na zaune a gindin marke da 'yar butarta wadda ba komai a ciki, Maigari Tunau ya tsuguna a gabanta yana roƙo karo na ƙarshe. Sai tsohuwar ta ɗaga hannu ta ce, “Yi shiru, Tunau. Ba ka ji?”

Ba wanda ya ji komai. Can sai ga rugugi, sai ga ruwa ya karyo kwana yana turo busassun ganye, a kansa ga ƙwarya, a cikin ƙwarya ga Yalwa jiƙe sharkaf, ɗankwali ya tafi, tana ta magana tun ba a jin abin da take cewa. Gari ya ruɗe. Mata na guɗa, jakuna suka tsinke da kaya a kansu suka faɗa ruwa, Maigari ya shiga har gwiwa da rigarsa yana dariya yana hawaye.

Yalwa ba ta kula kowa ba. Ta je ta goyi uwarta ta kawo ta bakin ƙorama ta zaunar. Tsohuwar ta sa hannu a ruwa, ta bar shi yana bi ta tsakanin yatsunta, ta daɗe tana lalube kamar mai duba kan amarya.

“Layi tara,” in ji ta. “Na bakwai ya ɗan karkace.”

“Sauri nake yi, Inna.”

Inna Gwamma ta kamfata da tafi ta sha, ta sake sha, ta shafa sauran a fuska. Sannan ta kai hannu ta zame ɗankwalinta, farin kanta ya fito a rana.

“Ce wa Tunau ya sauke kayansa,” ta ce. “Ke kuma zauna ki miƙe ƙafa. Irin kitson mai ruwan nan nake so.”